Sau Huɗu Ana Ɗage Aikin Yaya

Ranar Talata

Zuwa ga ƙanina, Autan gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aikin asibiti? Na ma san amsar, "da godiya." Ku likitoci ko gini ne ya faɗo muku a ka, "da godiya" za ku ce.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Sau uku ina kiranka ana cewa kana ɗakin tiyata. Ran da ka ɗauka kuma shago cike yake, ka san shagon tela, kowa da yadi ɗaya yake zuwa da kunnuwa biyu. Shi ya sa na ce maka gaisuwa ce kawai. Ba gaisuwa ba ce. Direban da ke kawo mini zare da maɓallai daga wajenku shi zai miƙa maka wannan.

Mu dai muna nan. An kusa komawa makaranta, kayan ɗalibai sun yi tsibi a kan tebur har sun tare taga. 'Yarka ta wajena ce ke riƙe da almakashi yanzu, ni nawa ɗinki, ɗinkin ma na kasa zama a kansa. In taka keke layi biyu, in miƙe in leƙa titi, in dawo in tarar na haɗa hannun riga a baibai. Jiya sau biyu ina farke aljihu ɗaya.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ina da wata maƙwabciya, mace mai kamun kai, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ƙari ne ya fito mata a mahaifa, ya girma har ana yi mata kallon mai ciki, jini kuma ya ƙi ɗaukewa. Likitoci sun ce sai an yi aiki. To, tana kuma ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Shekara takwas tana shan magani ba ta taɓa tsallake rana ba, har a gwajin ƙarshe aka ce ƙwayar cutar ta kwanta, ba a ma ganinta a jini.

Sau uku ana sa mata rana a babban asibitin nan namu. Na farko aka hana ta ci da sha, aka sa mata rigar nan mai buɗaɗɗen baya, ta zauna a benci tun da sassafe. Aka shiga da na gabanta, aka shiga da na bayanta. Da la'asar wata nas ta leƙo ta ce kayan aiki sun ƙare. Na biyu aka ce babban likita ya tafi taro, alhali ga motarsa nan a gindin bishiya. Na uku ba a ma wahalar da kai wajen neman dalili ba, cewa aka yi, "Baiwar Allah, je ki gida, za mu neme ki."

A bangon fayil ɗinta an zana da'ira da jan biro. Duk wanda ya ɗauka sai ya dubi da'irar kafin ya dubi fuskarta. Babban likitan, wani dogo mai gilashi, ran da zai duba cikin safar hannu biyu ya sa, sannan ya ɗaga gefen rigarta da bakin biro. A gaban ɗalibai shida ya tambaye ta, "Maza nawa kika aura?" Ta ce ɗaya. Wani ɗalibi ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Auta, faɗa mini tsakaninka da Allah, doka ce a riƙa barin irinta a ƙarshen layi? Kuma in ta zo asibitinku, za a yi mata? Kai ma ai wuƙar nan kake riƙewa. Ka ba direban amsa, jibi zai juyo.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Yayarka.

*

Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma ji daɗin jin kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, maiɗakina tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, tsakanin aiki biyu nake yinsa.

Game da maƙwabciyarki. Babu wata doka a rubuce da ta ce a bar su a ƙarshe, amma haka ake yi a wurare da yawa, kuma ba mugunta ba ce. Ku da kuke waje ba ku san abin da ke cikin ɗakin tiyatar nan ba. Hannun mutum yana cikin jini har gwiwar hannu, ga wuƙa, ga allura, ga gajiya. Ban taɓa gaya miki ba, shekara shida da suka wuce allura ta soke ni a yatsa ina ɗinke wani mai irin wannan da'irar. Kwana ashirin da takwas ina shan maganin kariya ina amai, wata uku ina jiran sakamako, maiɗakina kuma tana da tsohon ciki. Allah ya tsare. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya. Don haka ban ga laifin likitan da ya sa safar hannu biyu ba.

Tambayar da ya yi mata a gaban ɗalibai, na yarda, da ya yi ta a keɓe. Sai dai ke daga bakinta kawai kika ji labarin. Mu da muke ganinsu kullum, kowace ta zo "miji ɗaya" za ta ce. Ba na zargin kowa, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zuwanta nan ba zai yiwu ba yanzu, jerinmu na masu jiran aiki cike yake har wata huɗu. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini, ta yi haƙuri, za su kira ta.

Sannan Yaya, ki rage ɗaukar kayan mutane a kanki, na san halinki. In tana shigowa shagon, ki kula da allura da almakashi, saboda 'yata.

Allah ya bar zumunci. Na gaishe ku duka.

Ƙaninki.

*

Ranar Asabar

Likita,

Sallama, da fatan kana lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

A tsaye na karanta takardarka, a bakin shago, direba bai ma juya motarsa ba. Na shiga na zauna, na tashi, na fita na zagaya bayan layin shaguna har wajen masu walda, na dawo na sake karantawa, ko da na yi kuskure. Ban yi ba. Rubutunka kamar tafiyar kaza yake, amma "miji ɗaya" ya fito raɗau.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ni da wata maƙwabciya mai ƙari. Ta damana mai gyaran gashi ce, lafiyarta ƙalau, ƙiba ma ke damunta. Na haguna namiji ne, mai gyaran waya. Ni ce, Auta. Ni na zauna a bencin nan da bayana a buɗe. Ni aka ɗaga wa riga da biro.

Miji ɗaya na aura, kuma ka san shi. Shi ya koya maka tuƙin mota a filin bayan gidanmu, kana kashe masa ita yana dariya. Ko daga ina ya samo, ko jini aka taɓa ƙara masa, ko wani abu ne daban, ya tafi da amsarsa, ni kuma na daina tambayar kabari.

Shekara takwas ke nan da na sani. Tari ne ya kama ni ya ƙi saki, na rame har zobena yana zamewa cikin kwanon wanke-wanke. A wani ɗan ƙaramin asibiti aka gwada ni. Nas ɗin da ta gaya mini, wata gajeriya mai wushirya, hannuna ta riƙe da hannunta tsirara, ba safa, ta ce, "Yaya, ba mutuwa ba ce, magani ne kullum kamar mai hawan jini." Tun daga ranar, mota biyu nake shiga in karɓo maganin a can, don kada mai ɗinki a wajena ta gan ni a layi. An gwada 'yarka, lafiyarta lau, kuma ta sani tun tana shekara goma sha biyar. Ita ke tuna mini lokacin sha. Ka kwantar da hankalinka game da almakashi.

Za ka ce me ya sa ban gaya maka ba. Na zo gaya maka. Ka tuna zuwan da na yi gidanku na kwana biyu na ce kewar yara ce ta kawo ni? Takardar gwajin tana cikin jakata. Abokanka likitoci suka zo, kuna falo kuna shan shayi, ina kicin ina taya maiɗakinka yanka albasa. Na ji wani ya ce yau ya samu "kabari salamu alaikum" har guda biyu a jerinsa, ya tura wa yaran likitoci. Kuka kwashe da dariya. Na san dariyarka a cikin dubu, ni na goya ka bayan Inna ta rasu. Washegari na bi motar farko.

Na tausaya maka da wata ukun da ka yi kana jiran sakamako, wallahi na tausaya. Da ka gaya mini da na zo na zauna da kai. Amma kai wata uku ka yi ka fita. Ni har yanzu ina ciki, kuma ba cutar ce ke neman kashe ni ba. Cutar tana kwance. Ƙari ne, irin wanda kuke cire wa matan mutane kullum kafin azahar.

Ban rubuto don in roƙe ka ba. Na rubuto ne don in ka sake yin maganar "su", ka san da wa kake.

Yayarka, in har yanzu kana so.

*

Ranar Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru.

Yau kwana ashirin da uku. Direba ya rantse mini hannu da hannu ya ba ka, har ya ce kana sanye da koren kaya da hula. Tun daga nan ya je ya dawo sau shida. Da na ji ƙarar motarsa sai in fito da zare a baki, shi kuma tun daga nesa yake kaɗa mini kai. Yanzu kunyata ma yake ji, a ƙofar mai gyaran waya yake ajiye kayan ya gudu.

Na kira wayarka sau biyu na kashe kafin ta shiga. Ban san abin da zan ce ba in ka ɗauka, ban kuma san yadda zan yi ba in ka ƙi.

Sun sake kirana ranar Alhamis, karo na huɗu. Na ce wannan karon kam an yi. Har gadon turawa aka ɗora ni, aka kai ni bakin ƙofar ɗakin tiyata, ina kallon fitilun sama. Sai na ji ana magana ƙasa-ƙasa a bayan labule, wai in aka yi nawa sai an rufe ɗakin an wanke shi, ga kuma mutum biyar suna jira. Aka juyo da ni. Mai turawar, wani dattijo, ya ce, "Yi haƙuri 'yata." Shi kaɗai ya ba ni haƙuri a cikin wata biyar.

Jiri nake gani yanzu in na sunkuya. Tafin hannuna ya yi fari kamar takardar nan. Kayan ɗalibai mun mayar da rabi ga wani tela, ba zan iya ba. Zama ya gagara, kwanciya ta gagara, sai zagaye tsakanin tebur da ƙofa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Wataƙila na yi maka zafi a waccan takardar. Ban janye ko kalma ɗaya ba, amma ko zagi ne ka aiko mini da shi, in san kana nan.

Ka gaida gida.

Yayarka.

*

Ranar Laraba

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ban san yadda ake gaisuwa a takarda irin wannan ba. Ina fatan ta same ki da sauƙi. Wannan ce ta biyar da na fara, huɗu suna kwandon shara.

Ba fushi ne ya sa na yi shiru ba, ba kuma ƙyama ba. Akwai abin da na fi shekara goma ina gudu, takardarki ta tare ni a lungu.

Yaya, na san abin da ya kashe maigidanki. Na sani tun yana da rai.

Kin tuna lokacin ina sabon likita, a wannan asibitin da ke wahalar da ke yanzu nake aiki, a nan kuma aka kwantar da shi. Dogon nan mai gilashi malamina ne. Shi ya koya mini riƙon wuƙa, shi kuma ya koya mini zana da'irar. Kwana huɗu kafin rasuwar, malamin ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya juyo mini da takardar gwaji. Ya ce, "Mijin yayarka ne ko? To ka rufa wa gidanku asiri. Kai yanzu kake tasowa. In maganar nan ta fita, har a ɗakin shan shayi sai an ware maka kofi." Na fito na same ki a baranda da kwanon abinci a cinya. Kika ce, "Auta, me suka gani?" Na ce ciwon hanta ne.

Na ce wa kaina zan gaya miki in an share makoki. Aka share. Na ce sai kin huta. Daga nan na nemi canjin wurin aiki zuwa nan, tafiyar wuni guda. Duk shekarun nan da nake cewa aiki ya hana ni zuwa, ba aiki ba ne. Fuskarki nake kasa kallo. In na ji muryarki da ƙarfi a waya sai in ce, ka gani, ba ta ɗauka ba, Allah ya tsare ta. Ban taɓa tambaya ba, don kada in ji.

Da takardarki ta farko ta zo, tun a layin "mijinta ya daɗe da rasuwa" zuciyata ta ce ke ce. Na ce mata ƙarya take. Duk abin da na rubuta miki a amsar nan, kaina nake rubuta wa, ina neman in tabbatar cewa masu wannan ciwo wasu mutane ne can, ba 'yan gidanmu ba. Ban kawo wannan a matsayin uzuri ba.

Kwanakin nan na yi su ne ina nema miki wanda zai yi aikin, tunda ba a son likita ya sa wa jininsa wuƙa. Na fara da abokina na shekara goma sha biyar, wanda kika ji muryarsa a falo. Na ce yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallon kalandar bango, sannan ya ce jerinsa cike yake har wata huɗu. Kalmomina ne, Yaya, ko harafi bai canza ba. Na biyu ya ce sai an duba kayan aiki.

A ƙarshe na je wajen wata likita, ƙasa take da ni a aiki. Ita muke tura wa duk fayil mai da'ira, har muna yi mata laƙabi da Uwar Masu Da'ira, a bayan idonta. Na tsaya a ƙofarta kamar ɗalibin da ya makara. Ba ta tambayi yadda aka yi kika samu ba. Ta ce, "Nawa ne ƙarfin jininta? Tana shan magani?" Na faɗa mata. Ta ce, "To mene ne abin jira? Ni duk wanda ya hau teburina kariya ɗaya nake yi, don wanda bai san yana da ita ba ya fi wanda ya sani yawa. A kawo ta, a ƙara mata jini kwana biyu, in yi mata Alhamis."

An ware miki gado. Zan aiko da mota ranar Lahadi. Ba sai kin yafe mini kafin ki hau ba.

Ƙaninki, wanda ya cuce ki.

*

Ranar Juma'a

Auta,

Na amsa sallamarka don ta Allah ce.

Ka ba da labarin baranda, ka tuna kwanon da ke cinyata. Ka manta abin da ke bayan kwanon. Ciki ne da ni wata shida.

Ka tuna Ɗan Baba? Wata goma sha huɗu ya yi a duniya. Bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Bakinsa ya yi fari fat da ƙuraje, in ya kama nono sai ya saki ya yi kuka, ga gudawa ba dare ba rana. Ka zo sau ɗaya, da jakarka. Ka danna cikinsa, ka leƙa bakinsa da 'yar fitila, ka ce haƙori ne. Na yarda, don ƙanina likita ne. Har alfahari na yi wa maƙwabta.

A inda nake karɓar magani, duk wata ina zama benci ɗaya da mata masu ciki. Ana ba su maganin tun ciki yana ƙarami. Bayan shekara in gan su da yara ɓul-ɓul suna yage musu kati, an gwada an ce lafiya lau. Shekara takwas ina kallonsu ina cewa, Allah sarki, ni nawa rashin sani ne, ba laifin kowa. Da wannan nake lallashin kaina. Yau ka ƙwace mini shi.

Na san rai na Allah ne. Wataƙila ko na sha maganin, kwanansa ke nan. Amma da an ba ni dama na gwada. Kalma ɗaya ce, Auta, a barandar nan, ba kowa sai ni da kai. Kofin shayi ka zaɓa.

Tun da safe na fito da akwati na mayar sau uku. Na rufe shago, na buɗe, na sake rufewa. Mai gyaran gashi ta leƙo ta ce ko rasuwa aka yi. Na ce e, amma ta daɗe.

Kada ka aiko da mota. Dogon mai gilashi baƙo ne, da bakin biro ya taɓa ni, zan iya jurewa. Ban san yadda zan kwanta a ƙarƙashin rufin da kake ba.

Ka gaida likitar nan, ka ce na gode. Allah ya yi mata albarka.

Yayarka.

*

Ranar Talata

Kawu,

Ina wuni. Ni ce 'yarka. Mama ba ta san ina rubutowa ba.

Motar da ka aiko ranar Lahadi ta mayar da ita ba kowa. Takardunka biyu na bayan nan suna ƙarƙashin keken ɗinki, ba ta buɗe ba, amma ba ta yar ba. Jiya da hantsi tana auna wata mata sai ta sulale a tsakanin tebur da bango, kanta ya bugi ƙafar keke. Ni da mai gyaran waya muka ɗauke ta. A ƙaramin asibitin da take karɓar magani suka sa mata jini leda ɗaya, suka ce su iyakarsu ke nan, in ba a cire abin nan ba, na gaba ba lallai ta tashi ba.

Na karanta takardunka na baya, ta bar su a aljihun tebur. Ina da shekara tara lokacin da aka haifi Ɗan Baba, ni nake goyonsa in Mama tana ɗinki. Ina da abin da zan faɗa maka, Kawu, amma ba yanzu ba, kuma ba a takarda ba.

Na gaya mata, "Mama, fushinki gaskiya ne, amma sai mai rai ke fushi. Ki je a cire, ki warke, sannan ki yi ta yi har shekara ɗari." Ta harare ni ta juya wa bango fuska. Ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba. Na san Mama, wannan ya isa.

Mun shirya da direban zare, gobe da sassafe za mu taso, ya cire kayan kujerar baya don ta kwanta. Ka gaya wa likitar. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka tare mu a ƙofa. In ta gan ka za ta ce a juya.

Sai mun iso.

'Yarka.

*

Ranar Litinin, ɗakin mata, gado na bakwai

Auta,

Sallama. Nas ce za ta kawo maka, ta ce ofishinka ko taku hamsin bai kai ba daga nan.

An cire. Likitar ta nuna mini shi a roba, ya kai kan jariri. Yau na taka har bakin taga da ƙafata.

Kwana huɗu ke nan ina ganin takalmanka ta ƙarƙashin labulen ƙofa. Su zo su tsaya, su juya, su tafi, su dawo. Kana hana masu shara aikinsu.

Ban yafe ba tukuna, kada in yi maka ƙarya. Ban san ranar ba.

Amma ga wata a gado na takwas, mai sayar da kayan miya ce, irina ce, ita ta gaya mini da bakinta. Ƙaba ce da ita a cibiya, sati bakwai tana kwance. Likitar da ta yi mini hannu biyu gare ta kamar kowa, jerinta ya cika ya tumbatsa. Na tambayi nas wane ne mai irin wannan aikin a nan. Ta faɗi sunanka.

Ita ba yayar kowa ba ce a asibitin nan. Ka sa ta a jerinka na gobe, ta farko. In ka fito, ka wanke hannu, ka ɗaga labulen ka shigo ka gaishe ni.

Yayarka.